Tukwane Uku a Kife

Damunar 2024 ce ta ci madafin Gwaggo. A ruwan nan na ƙarshen watan Agusta, wanda ya kayar da gidaje a Maraɗi har aka yi asarar rayuka, bangon gabas ya sha ruwa ya zauna, azara ta biyo shi, tukwane suka kwana a ƙarƙashin laka. Allah ya tsare, babu kowa a ciki. Bayan sati biyu ɗanta, taubashina, ya kira ni daga Jiratawa, bai ma tsaya doguwar gaisuwa ba.

"Ke baiwata, irin kicin ɗinki na Kano za ni yi ma tsohuwa. Mai akwatuna jere ga bango. Ki taho ki gwada muna yadda anka yi shi."

Na ce masa bawa ba ya aiken uwargijiyarsa, sai dai ya roƙa. Ya roƙa. Ya san kicin ɗin nawa ne saboda duk lokacin da ya kawo aya ko riɗi kasuwar Dawanau a gidanmu yake sauka, kuma na sha ganinsa yana buɗe ƙofofin akwatunan yana rufewa kamar mai duba mota zai saya.

Na je wurin kafintan da ya yi mini nawa, ya zana mini a takarda: akwatuna bakwai a ƙasa, biyar a sama, kowanne faɗinsa santimita 60, teburin aiki mai tsayin santimita 90, wurin wanke-wanke a ƙarƙashin taga, gurbin firji a kusurwa. Ya ce daɗin wannan tsari kowane akwati zaman kansa yake, in gida ya ƙaru a ƙaro, in za a tashi a kwance a tafi da su. Na naɗe takardar na saka a jaka ina jin kaina kamar likitar da aka kira ƙauye.

Sai a Nuwamba tafiya ta yiwu, gero ya shiga rumbu, ana yankan dawa. Daga tashar Ƙofar Ruwa muka bi ta Bichi, Tsanyawa, Kankiya, Charanchi, na kwana a gidanmu na Katsina, don babu direba mai hankali da zai kama hanyar Jibiya da yamma a wannan zamani. Da safe muka tashi. A hanya direba ya nuna mana cikon ƙasar layin dogon da za a ja daga Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021. Wani dattijo a kujerar gaba ya ce Allah ya sa da rabonmu. Shingaye ban ƙirga su ba. A Magama na canza naira zuwa sefa, na kuma sake koyon lissafin da nake mantawa duk zuwa: a can da dala ake ƙirga, dala ɗaya sefa biyar, don haka in mai ruwa ya ce miki ashirin, ɗari yake nufi, in an ce jaka, dubu ce. Muka wuce Ɗan Isa, kafin azahar na sauka a Jiratawa, saura tafiyar da ba ta fi minti ashirin ba a shiga Maraɗi.

Wanda ya saba da ƙauyukan tudu zai sha mamakin Jiratawa a wannan lokaci na shekara. Ko'ina ya fara bushewa, amma fadamar Gulbin Maraɗi shar take. Tun farkon shekarun 1980 aka gyara kimanin hekta 500 a nan don noman rani, da rijiyoyin burtsatse da injinan lantarki da magudanan siminti. Albasa, tattasai, masara, alkama, sai kuma zogale, wanda su suke kira tamaka, jere-jere kamar dawa. Daga nan ake lodinsa zuwa Maraɗi har Yamai.

Gwaggo ƙanwar mahaifina ce. Aure ya kawo ta nan tun kafin a haife ni, harshenta ya koma na Maraɗawa sarai, sai in ta yi fushi Katsinancin birni ke dawowa. Na same ta a gindin darbejiya, ko dogon yaro kamar yadda suke cewa, tana kan kujera 'yar tsugunno, an kewaye wurin da zana biyu don iska. A gabanta tsofaffin tukwanen ƙasa ne guda uku a kife, an ɗora babbar tukunya a kansu, wuta na ci. Ƙasar nan yashi ce, dutse sai an nemo, saboda haka tukunyar da ta fashe ba a yar da ita, kifewa ake ta zama murhu. Gefe guda uwargidan taubashina na juya tamaka a rabin duro, amarya kuma na can bakin ƙofar ɗakinta tana dafa mini taliya a kan ƙaramar tukunyar gas. Wata uku ke nan da rushewar madafi, ban ga alamar an taɓa kwana da yunwa ba.

"Ɗiyata, kin sha hanya. Ku ba ta hura."

Washegari bayan karin kumallo na shimfiɗa takardata a kan tabarma. Taubashina ya tsuguna yana ta washe baki, matansa suka leƙo. Na yi bayani tiryan-tiryan, nan wurin yanka, nan wurin wanki, nan wurin dahuwa, mai girki ba ta yin taku fiye da uku tsakaninsu. Gwaggo ta karɓi takardar ta kai ta kusa da ido, don hayaƙin shekara hamsin ya rage mata gani, ta juya ta sama, ta juya ta ƙasa.

"To, ina anka tuƙa tuwo?"

Na nuna mata kan gas ɗin, a bisa tebur. Ba ta ce komai ba, ta sa aka ɗauko tukunyar dare, wadda ke cin garin tiya huɗu, aka ɗora ta a kan turmi a tsaye, ta miƙo mini muciya. Bakin tukunyar ya zo mini ƙirji. Na ɗaga hannu sama kamar mai kakkaɓar yana, yara suka fashe da dariya. Tuwon mutum ashirin da ƙarfin kafaɗa da nauyin jiki ake tuƙa shi, tukunya tana ƙasa, mace na zaune ko tana duƙe a kanta, wani lokaci har da wata ta riƙe mata. Na san haka sarai, da shi na tashi. Zaman bene da tuwon mutum biyar ne ya mantar da ni.

Tambaya ta biyu uwargida ce ta yi ta, cikin ladabi, idonta a ƙasa: akwatunan nan na wace ce? Kwana bibbiyu suke girki. Kowacce da tukwanenta da kwanukanta da kulolinta, waɗanda iyayenta suka yi mata jere da su, kowacce da ɗan abin da take ɓoyewa, daddawa, manja, yaji, ƙuli. Hatsi na maigida ne, shi ke aunawa daga rumbu, amma kayan girki dukiyar mace ce, in zama ya ƙare da su take fita. Ta ce ba fata take ba, amma abin da aka kafe da ƙusa a bangon miji, ranar da ta ɓaci na wa zai zama? A nan jikina ya fara sanyi, don na san gidaje a Kano da aka kai ruwa rana kan wannan magana, iyayen amarya sun kashe dukiya sun ƙawata kicin a gidan haya, shekara ba ta zagayo ba aka tashi, aka ɓalle akwatuna rabinsu ya karye.

Sai Gwaggo ta ce in ƙirga mata bakunan da na zana wa wannan kicin. Na ce ai gidan ne. Ta ce wane gidan, na yau ko na watan gobe? Ta fara lanƙwasa yatsu. Ita, ɗanta, matansa biyu, 'ya'ya tara, marayun ƙanensa biyu, jika ɗaya da aka kawo yaye, sha shida ke nan. Almajirai biyu masu kwano a gidan, sha takwas. Ga kwanon liman, ga ciyayyar maƙwabta gida uku. In rani ya yi samari uku za su tafi ci-rani, tukunya ta ragu. In damuna ta faɗi su dawo, a ƙara da 'yan ƙwadago, a riƙa kai fura gona. Da azumi wuta huɗu ke ci lokaci guda, kunu, ƙosai, miya, tuwo. Nan da wata biyu babbar jikarta za ta zo wankan gida, haihuwar fari, za a kafa duro ana tafasa ruwan jego safe da yamma har kwana arba'in, wannan kuma ba a cikin ɗaki ake yinsa ba. Ga sana'ar uwargida ta dafa tamaka, wadda in ciniki ya buɗe sai ta ƙara duro na biyu. Ta dubi ɗanta ta gefen ido ta ce, kuma ba ta san abin da ke cikin zuciyar wasu ba game da ta uku. Matan suka yi kamar ba su ji ba, taubashina ya shiga gyaran hula.

Ba gidan Gwaggo kaɗai ba ne haka. Binciken lafiyar iyali na Nijar na 2012 ya nuna mace ɗaya kan haifi 'ya'ya 7.6 a matsakaici, jihar Maraɗi ma ta ɗara haka. Gidan da ake haihuwa da aurarwa da yaye da zawarci da ci-rani, ba a yi masa awo sau ɗaya a ce an gama.

Ita kuwa takardar tawa tana da asali, kuma asalin ne ya hana ta zama daidai a nan. A 1926 wata mai zanen gine-gine 'yar ƙasar Ostiriya, Margarete Schütte-Lihotzky, ta tsara ƙaramin kicin don gidajen ma'aikata a birnin Frankfurt na Jamus, faɗinsa mita 1.9, tsawonsa 3.4. Ta auna takun mai girki da motsin hannunta, ta kwaikwayi matsattsen kicin na jirgin ƙasa, aka gina kusan 10,000 irinsa. Daga shi duk kicin mai akwatuna a bango ya samo tushe, har nawa na Kano. Aiki ne na basira, amma mace ɗaya aka yi wa shi, mai dafa wa miji ɗaya da 'ya'ya kaɗan, a tsaye, da ruwan famfo da wuta da ba sa yankewa. Daga baya masana'antu suka daidaita faɗin akwati da na injinan girki a kan santimita 60, don a iya cire wannan a saka wancan. Sauyin nasu ke nan, sauyin kaya a cikin ɗaki ɗaya. A Jiratawa mutanen ne ke sauyawa, da makamashi, da wurin da ake hura wutar kansa.

Ranar Litinin, ranar kasuwa, muka shiga Maraɗi ni da taubashina da amarya a adaidaita. Garin da ake gani yau shi ma tashi ya yi: tsohon birnin, inda sarakunan Katsina suka kafa sabuwar sarauta bayan jihadi ya fitar da su daga Birnin Katsina a 1807, a cikin fadama yake, sai da ambaliyar gulbi ta 1945 ta cinye shi aka hau tudu aka yanka unguwanni da faffaɗan tituna. Taubashina ya ce kafin kasuwa sai ya kai ni gidan wani abokin cinikinsa a unguwar Ali Ɗan Tsoho, in ga ba a Kano kaɗai ake da ido ba. Kicin ne na gani na faɗa, tayil har sama, akwatuna masu ƙyalli, murhun gas mai kai biyar. Sai da aka nemo makulli kafin mu shiga. Ƙamshin sabon abu yake yi. Matar gidan ta ce nan take dafa shayin Alhaji da abincin baƙi, ta ja ni bayan gida ta nuna mini rumfar kwano inda ake girkin gaske, da gawayi da itace. Ƙofar akwatin da ke ƙarƙashin wurin wanke-wanke ta kumbura ta ƙi rufuwa, don katakon garin katako ne da aka matse, ba ya shiri da ruwa, gara kuma ta fara yi masa sallama ta baya. Na yi shiru, don nawa ma haka yake. Ban gaya wa taubashina ba cewa tun da gas ya yi tsada a Najeriya na sayi murhun gawayi, ina girki a bayan ƙofa ina fifita, akwatunan suna kallona. Sabon firjin da muka saya kuwa ya fi gurbinsa faɗi da yatsa uku, yana falo har yau.

Wurin maƙera na fi daɗewa. Ƙarar guduma ba ta bari a ji magana, ana yanka tsofaffin durare da ƙarfen mota ana fitar da murhu. A nan na ga Mai Sauƙi, murhun ƙarfen da aka yaɗa a Nijar tun shekarun 1980 don rage cin itace: ganga ce mai ƙofa ɗaya, tukunya na shigewa cikinta, wuta ba ta watsewa iska ba ta kwashe ta. Abin da ya burge ni, tukwanen dalma na ƙasar lamba gare su, murhun ma lamba gare shi. Ki faɗi lambar tukunyarki a ba ki murhunta. Gida ya ƙaru, ki ƙara lamba. Aka raba tukunya, kowa ya ɗauki nasa da hannu ɗaya. Abin da kafintana ke alfahari da shi, ga shi maƙera suna yi da tsohon duro, ba takarda ba fensir.

Makamashi kuwa a Maraɗi babu wanda ke riƙe da igiya ɗaya. Gas ya yawaita tun da matatar man Damagaram ta fara aiki a 2011, ƙaramar tukunya mai kilo 6 ta shiga ɗakin amare, amma yakan yi ƙaranci, in ya ƙare da dare kuma sai an shigo gari. Itace daga dajin Baban Rafi ake kawo mafi yawansa, yana ƙara nisa yana ƙara kuɗi. Abin da ya ceci ƙauyuka shi ne sassaben zamani, dabarar barin tohon kututture a gona ana yi masa aski har ya zama itace, wadda ta bazu daga yankin nan tun 1983 lokacin da Tony Rinaudo, ɗan Ostireliya, yake aiki da manoma. Gonar taubashina ta tudu cike take da kalgo da sabara da gawo, rassan da ake sassabewa su ne rabin wutar Gwaggo, sauran kara ne. Lantarki daga Najeriya yake zuwa ta layin Katsina. Da aka yanke shi a Agustan 2023 bayan juyin mulki, har zuwa Maris na 2024, firjin amarya ya koma ma'ajiyar kwanuka. Mai girki a nan tana bukatar wurin da zai karɓi kara yau, gawayi gobe, gas jibi.

Ranar Laraba aka yi suna a dangin mijin Gwaggo a Tsibiri, wanda taswira ke rubutawa Tibiri, garin da Gobirawa suka kafa bayan yaƙin Gawakuke na 1836, arewa maso yamma da Maraɗi kaɗan. Gidan sunan madafinsa bai fi tabarma biyu ba. Tun asuba aka fito da girki lungu, maƙwabta suka kawo bulo da tukwane da muciyoyi, na ƙirga wuta tara a jere, kowace da tsohuwar da ke kula da ita. Kowace tukunya da alamar mai ita, wannan an ɗaura mata tsumma a kunne, waccan an ɗiga mata fenti. Kafin la'asar an kwashe, an wanke, an mayar, an share toka. Da magariba in kin bi lungun sai baƙin ƙasa tara kawai za ki gani. Gwaggo ta zungure ni da gwiwar hannu ta ce, "Ina takardarki? Zana wanga."

Kada a ce na koma bayan tsohuwa gaba ɗaya. A daren nan amarya ta same ni a ɗaki, ta zauna bakin gado tana wasa da gefen zane. Yarinya ce da ta yi lakwal har ta kusa gamawa, tana kuma ganin kicin na duniya a wayarta. Ta ce, "Yaya, don Allah kar ki bari su hana ni wurin wanke-wanke na tsaye." Ciki gare ta wata biyar, wanke kwanukan mutum sha takwas a duƙe yana kashe mata baya. Ta ce ƙasar madafi ba ta sharuwa, kaji na bi ta kan kwano, da damuna itace ya jiƙe hayaƙi ya cika ɗaki sai ka fito kana hawaye. Gaskiyarta. Tsohon madafin ɗaki ne mai ƙofa ɗaya da 'yar taga kamar tafin hannu, bangonsa baƙi ƙirin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki a cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a 2020, mata da ƙananan yara ne kuma suka fi shaƙarsa. Idon Gwaggo da tarin da take yi da asuba sun ishe ni shaida. Wanda ke yabon murhun gargajiya daga cikin falo mai fanka, a ba shi wuri ya hura ɗanyen itace na sati guda.

Da safe na kai maganar gaban Gwaggo. Ta ɓata rai, Katsinancin ya fito, ta ce su da suka yi shekara hamsin a duƙe bayansu bai karye ba. Na ce, "Gwaggo, ai da sanda kike tashi." Tsakar gida ta yi tsit. Can sai ta yi dariya ta ce uban wannan yarinya ma haka bakinsa yake. Ta sa aka miƙo mata karan dawa, ta share yashi da tafin hannu, ta fara ja.

Abin da ya fito a ƙasa bai yi kama da takardata ba, bai kuma yi kama da madafin da ya rushe ba. Za a ɗaga daɓe bulo biyu sama da tsakar gida, a yi masa siminti, a karkatar da shi kaɗan don ruwa ya bi rariya ya tafi gindin lemo. Bango cikakke a gabas da arewa kawai, don ta gabas hadari ke tasowa, hunturu kuma ta arewa maso gabas yake busowa. Yamma da kudu rabin bango, sama a buɗe, in sanyi ya yi a rataya zana. Rufin kwano mai tsayi, a bar rata tsakaninsa da bango hayaƙi ya fita. Wannan shi ne abin da za a kashe wa kuɗi, don shi ne ba ya canzawa ko gida ya koma mutum biyar ko hamsin. A kusurwa ɗaya aka ba amarya kantarta ta siminti, tsayin ƙugu, da kwamin wanke-wanke da gurbin jarka a sama, tunda famfo bai shigo gidan ba tukuna. Na roƙi a binne bututun ruwa da na wayar lantarki a bango tun yanzu a toshe bakinsu, ranar da aka samu hali ba sai an fasa ba. Magini ya ce wannan ba ya cin komai.

Sauran duka, in ji Gwaggo, kada a yi abin da mata biyu ba za su iya ɗagawa ba. Kabad biyu na ƙarfe daga wurin mai walda, masu ƙafafu don ɓera da gara, kowacce da kwaɗonta da makullinta, kowacce kuma a san da bakin maigida cewa ta mai ita ce. Tebur ɗaya na ƙarfe. Mai Sauƙi uku, lamba daban-daban. Ragaya a jikin azara don ƙwarya da nono. Tukunyar gas a can ƙarshen kudu inda iska ke wucewa, nesa da wutar itace, wannan ni na dage a kansa. Uwargida ta nemi a gina mata murhun laka irin wanda ake kira Albarka don duron tamaka. Na ce ai wannan kafaffe ne. Gwaggo ta ce laka ce da kashin jaki, ranar da ba a so shi taɓarya ɗaya ta ishe shi. Turmi da duron jego suna waje, inda suke tun fil azal.

Sai ta ja wani fili a tsakiya, kusan kashi ɗaya cikin uku na wurin, ba ta sa komai a ciki ba. Taubashina ya ce a nan ne za a jera akwatunan Kano, ko guda huɗu ne, don mutane su san an yi aiki. Ta ce a'a. Ya ce to me za a sa? Ta ce ba ta sani ba, shi ya sa ta bar shi. Ya juyo gare ni neman agaji, na ce bawa ba ya musu da uwarsa. Ya ce kuɗin motar da ya biya mini haramun ne.

Ana gobe zan tafi muka je unguwar maginan tukwane, don Jiratawa ta yi suna da su tun kafin a san da noman rani. Tuluna da randuna jajaye an kife su a rana, ga tarin waɗanda aka gasa ana jiran masu sari. Gwaggo ta riƙa ƙwanƙwasa su da zobe tana saurare, ta zaɓi randa biyu don sabon madafi, ta ce firjin da ba ya jiran Katsina ke nan. Ni ta saya mini talle. Na sayi Mai Sauƙi ƙarami a Maraɗi, na rungumo shi a cinya har Kano, a kowane shinge sai an tambaye ni mene ne wannan. Takardar kafinta kuwa a can na baro ta, na ga amarya ta ninke ta ta saka a ƙarƙashin katifa.

A watan Fabrairu taubashina ya turo mini hotuna ta WhatsApp. An gama. Daɓe fes, kwano na ƙyalli, kabad ɗaya kore ɗaya shuɗi, amarya a tsaye gaban kantarta da tulun ciki tana murmushi. Filin da aka bari a tsakiya an shanya albasa a rabinsa, ɗaya rabin wata akuya ce kwance da 'ya'yanta biyu. Duron jego na tafasa a waje. Na duba hoto na farko, na biyu, na uku, ban ga Gwaggo ba. A na huɗu na hango ta can gefe, a gindin dogon yaro, kan kujerarta, tana tura kara a tsakanin tukwane uku a kife. Na kira na ce a ba ta waya.

"Gwaggo, an yi miki madafi kin ƙi shiga?"

"Sanyi aka yi, ɗiyata, nan rana ta hi faɗowa da sahe. In zahi ya taho in koma."